Daga Ƙungiyar Malamai Zuwa Majalisar Wakilai: Tafiyar Siyasar Malam Aminu Kano, 1948–1964

1.0 Gabatarwa

Wannan maƙala za ta dubi yadda Malam Aminu Kano (1920–1983) ya tashi daga jami'in ƙungiyar ma'aikata ya zama ɗan majalisa. Manufarta ita ce nuna cewa ƙungiya ta koya masa tara jama'a, amma tsarin zaɓe ne ya daɗe yana tare masa ƙofar majalisa.

2.0 Zamanin Ƙungiya

Bayan karatunsa a Landan, Malam Aminu ya jagoranci kafa Ƙungiyar Malaman Makaranta ta Arewa a 1948, ya kuma zama babban sakatarenta. Bukatun ƙungiyar sun haɗa da gyaran albashi da kyautata yanayin aiki. Sai dai a nan ne ya goge wajen rubuta koke, da kiran taro, da tunkarar hukuma ido da ido. A 1950, shekarar da aka kafa jam'iyyar NEPU a Kano, ya ajiye koyarwa a Maru, kuma a 1953 ya zama shugabanta.

3.0 Ƙofar Majalisa

Zaɓen 1951 mai hawa-hawa ne, kuma hukumar En'e na da ikon cusa mutanenta a matakin ƙarshe. Don haka nasarar da NEPU ta samu a matakin farko a Kano ta tashi a banza. A zaɓen tarayya na 1954 Maitama Sule ya kayar da shi. Sai a 1959, da mazan Arewa suka jefa ƙuri'ar asiri kai tsaye, ya lashe kujerar Kano ta Gabas.

Nasarar ta zo da sarƙaƙiya. NEPU ta sami kujeru 8 kacal, NPC kuwa 134. Da NCNC, ƙawar NEPU, ta kafa gwamnatin haɗin gwiwa da NPC, sai Malam Aminu ya zama mataimakin mai tsawatarwa na ɓangaren gwamnati. Wato a Ikko yana zaune gefe ɗaya da abokan hamayyarsa, alhali a gida kotunan alƙalai na ɗaure magoya bayansa. A zaɓen 1964 ya rasa kujerar.

4.0 Kammalawa

Daga abin da ya gabata, za a ga cewa wa'adi ɗaya kawai ya yi a Majalisar Wakilai. Tasirinsa ya fi ƙarfi a wajenta, inda ya mayar da kalmomin "talaka" da "sawaba" ginshiƙan harshen siyasar Hausa.