Wa aka ba bakin magana? Cin amanar aure a waƙoƙin gargajiya da na rok a Birtaniya da Amurka

Masu rubutu kan kiɗan Turawa sun saba ɗaukar shekarun 1960 a matsayin lokacin da mawaƙa suka samu 'yancin taɓo abin da a da ake jin nauyin faɗa, har da kwartanci. Akwai ja a kan wannan. Waƙoƙin baka na Ingila da Sikotilan sun daɗe suna ɗauke da jigon cin amanar aure, ɗaruruwan shekaru kafin a ƙera jita mai lantarki. Abin da ya sauya shi ne wanda aka ba damar ba da labarin, kuma a ganina mace ce ta yi asara a wannan sauyi.

A ɗauki “Matty Groves”. Tana cikin waƙoƙi 305 da Francis James Child na Jami'ar Harvard ya tattara, aka buga daga 1882 zuwa 1898, ita ce ta 81, kuma tun farkon ƙarni na 17 ake ambatonta a wasan kwaikwayo. Ƙungiyar Fairport Convention ta farfaɗo da ita a faifan Liege & Lief na 1969, da muryar Sandy Denny. Matar wani basarake ce ta ga saurayi talaka a coci, ita da kanta ta gayyace shi ɗakinta. Bara ya ruga ya kai wa maigida tsegumi. Maigida ya dawo ya same su, amma ya ƙi saran mutum tsirara: ya sa saurayin ya yi sutura, ya miƙa masa takobin da ya fi kyau, ya bar shi ya fara kai sara, sannan ya kashe shi. Daga nan ya juya ga matar ya tambaye ta wa ta fi so. Ta dube shi, gawa na kwance a gabanta, ta zaɓi gawar. Nan take ya kashe ta.

Mai rera wannan waƙa ba ya cikin rigimar. Ba ya cewa “ni”, ba ya neman a tausaya masa, ba ya yanke wa kowa hukunci. Kowane ɗaya daga cikin ukun ya yi magana da bakinsa, kuma magana mafi nauyi daga bakin matar ta fito. Ko umarnin da mijin ya bayar a ƙarshe, cewa a binne su kabari ɗaya amma a ɗora ta a sama saboda ita 'yar dangi ce, tona asirinsa yake yi: asali da daraja ne suka dame shi har a bakin rami.

Sai a kwatanta da “Hey Joe”, wadda Billy Roberts ya yi wa rajista a 1962, Jimi Hendrix kuma ya shahara da ita a ƙarshen 1966. Jigon ɗaya ne, kishi da kisa. Amma hira ce tsakanin maza biyu, ɗaya na tambaya, ɗaya na riƙe da bindiga yana shirin tserewa Meziko. Matar ba ta da suna, ba ta ce uffan ba, laifinta ma daga bakin wanda ya harbe ta kaɗai muka ji shi. “Delilah” ta Tom Jones, ta 1968, ta ba matar suna amma ta bar labarin a hannun mai wuƙa, da amshi mai daɗin da dubban 'yan kallo suka riƙa rerawa a filin wasa shekara da shekaru, har hukumar wasan rugbi ta Wales ta hana ƙungiyoyin mawaƙa rera ta a babban filinta na Cardiff a 2023.

Bahaushe ya ce waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi. Gaskiya ne ta fuskar daɗi, kuma ƙarfin rok ke nan: sau da yawa mawaƙin shi ne marubucin, kuma shi ne mai laifin. John Lennon ya faɗa da bakinsa cewa “Norwegian Wood”, ta faifan Rubber Soul na 1965, a kan wata hulɗa ce da ya yi a ɓoye, ya lulluɓe maganar don kada matarsa Cynthia ta gane. Eric Clapton ya yi “Layla” a 1970 saboda Pattie Boyd, matar amininsa George Harrison, ya aro sunan daga labarin Laila da Majnun na Nizami. Aron da wayo a ciki. Wanda ya san labarin ya san Majnun abin tausayi ne, don haka mai neman matar abokinsa ya shigo mana a rigar wanda so ya zautar. Waƙar ta yi kyau ƙwarai, musamman kukan jitar Duane Allman, amma shari'a ce da aka saurari ɓangare ɗaya. Sai a 2007 Boyd ta buga littafin tarihin rayuwarta ta faɗi nata.

Za a iya cewa na fifita waƙar gargajiya fiye da kima, kuma akwai hujja. Frankie Baker mace ce ta gaske da ta harbe saurayinta Allen Britt a St. Louis a 1899. Hukuma ta sallame ta a kan cewa kare kai ta yi, amma waƙar “Frankie and Johnny” ta mai da ita mai kisa don kishi, ta bi ta duk inda ta koma. Ta kai kamfanin fim ƙara ta sha kaye, ta rasu a asibitin masu taɓin hankali a Oregon a 1952. Bakin jama'a ma yana zalunci. Haka “Long Black Veil”, wadda Danny Dill da Marijohn Wilkin suka tsara a 1959 da salon tsofaffin waƙoƙi, The Band kuma suka sake ta a 1968: mutum ya yarda a rataye shi kan kisan da bai yi ba, don hujjarsa ɗaya ita ce a daren yana tare da matar amininsa. Matar tana wurin, ta yi shiru. Sai dai a nan shirun shi ne abin da waƙar ke so mu auna, shi ya sa nake ganin ta fi sauran zurfi.

Rok ya fara biyan bashin nan ne da mata suka riƙe alƙalami. Eagles sun gwada a “Lyin' Eyes” ta 1975, inda suka bi yarinyar da ta auri tsoho mai kuɗi da ɗan tausayi, amma har yanzu namiji ne ke karanta mata zuciyarta. A faifan Rumours na Fleetwood Mac, 1977, Christine McVie ta rubuta “You Make Loving Fun” a kan mai kula da fitilun ƙungiyar, lokacin aurenta da John McVie yana watsewa. Ba kisa, ba kuka, ba neman gafara, mace ce kawai ke faɗin farin cikinta da muryarta. Duk da haka sai da ta ce wa John a kan karenta ta yi waƙar, kuma shi ne ya kaɗa jitar bes a cikinta.