Takobin Ganɗoki da Uzurin Yaƙi da Bature

Wani ra'ayi ya samu gindin zama a nazarin ƙagaggun labaran Hausa na farko, wai duk jinin da Ganɗoki ya zubar halal ne, tunda Bature ya tasa a gaba. Asalin littafin Ganɗoki, daga gasar Zariya ta 1933, sananne ne (Kagara, 1934). Mai wannan ra'ayi yana cewa jagoran da maƙiyi ya zo masa har ƙofar gari ba shi da sukunin tausayi. Da alama ya manta da jerin shekaru.

Ganɗoki ƙagagge ne, amma ubangidansa, Sarkin Sudan Ibrahim Nagwamatse, ba ƙage ba ne. Ya hau gadon Kontagora a 1880, Turawa kuwa sai a 1901 suka ci garin. Shekara 20 da 'yan kai ke nan dawakin Kontagora suna fita harin bayi cikin Gwarawa da Kamukawa da Kambari, babu jar fata ko ɗaya a filin daga. Manomin Bakambare a yankin Zugurma, wanda ke shuka dawa kunnensa na sauraren ƙarar kofato, ba da shi ake jayayyar mulki ba. Ta yaya yaƙin da ya zo daga baya zai wanke ɓarnar da ta riga shi?

Hujjar mai wannan ra'ayi mafi nauyi ita ce ba a auna mutanen jiya da mudun yau. An ji. To, a auna su da nasu. Umaru Nagwamatse, wanda ya kafa masarautar Kontagora, ɗan Sarkin Musulmi Atiku ne, jikan Shehu Usmanu. Shi kuwa Shehu, cikin Kitabul Farƙi, ya jera ƙwace da danniya cikin halayen sarakunan da ya yi wa jihadi. Fiƙihun da daularsa ke bi ya tanadi amana ga wanda ba Musulmi ba in ya yarda da jiziya. Abokin jayayya zai ce wannan dokar littafi ce, bakin iyaka kuma da tasa dokar. Wataƙila haka ne, sai dai faɗin haka bayani ne na yadda aka yi, bai zama halasci ba, kuma halasci ya yi alkawarin kawowa.

A nan ya kamata a rage faɗin iƙirari. Ba a ce marubucin, Bello Kagara, ya zauna ne don ya hukunta gwarzonsa ba. A fili yake yana sha'awarsa. Abin da matanin ke iya ɗauka shi ne Ganɗoki ke ba da labarinsa da bakinsa, da kirari da cika baki, waɗanda ya sare kuwa ta bakinsa kaɗai ake jin labarinsu. Shari'ar da mai takobi ne kaɗai shaida a cikinta ba ta wanke kowa. Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, daga gasa ɗaya, shi kuwa ya bi uwar da ke neman ɗanta da aka sace har ƙetaren Sahara.