Yadda Aka Gano Abin da Ƙwayar Halitta ke Yi Kafin Ta Rabu Biyu

Duk ɗalibin da ya zauna jarrabawar WAEC a darasin nazarin halittu ya haddace matakan rabuwar ƙwayar halitta, wato sel: furofes, metafes, anafes, telofes. Dogon zangon da ke tsakanin rabuwa da rabuwa kuwa, har gobe akwai littattafai da malaman da ke koyar da shi a matsayin lokacin hutu. Wannan kuskure ne da aka gyara tun 1953, kuma a ganina gyaran nan shi ne ginshiƙin tarihin gaba ɗaya, ko da yake waɗanda suka yi shi ba su samu lambar Nobel ba.

Farkon labarin sananne ne. Robert Hooke ya ga 'yan ɗakuna a jikin ɓawon itace a 1665. Schleiden da Schwann, Jamusawa biyu, sun ce a 1838 da 1839 duk tsiro da dabba da sel aka gina su, sai dai sun ɗauka sabon sel daskarewa yake yi daga wani ruwa na cikin jiki. Robert Remak ne ya ga sel na rabuwa biyu a jinin ɗan tsakon da ke cikin ƙwai, ya dage cewa ta haka ake samun sababbi. Rudolf Virchow ya yayata wannan ra'ayi a 1855, sunansa ya ɗaukaka. Remak kuwa, da yake Bayahude ne, bai taɓa samun cikakkiyar kujerar farfesa a Balin ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Sai Walther Flemming na jami'ar Kiel, wanda ya rina sel ɗin salamanda, wata halitta mai kama da ƙadangare, ya zana yadda zaren da ke cikinsu ke dunƙulewa, ya jeru a tsakiya, ya tsage gida biyu. A littafinsa na 1882 ya raɗa wa abin suna maitosis. Masu cewa Flemming ne uban wannan ilimi suna da hujja, domin zanensa ne ake kwafa har yau. Amma abin da ya gani bai wuce kusan awa ɗaya ba daga cikin awa 24 da sel ɗin ɗan Adam mai saurin yaɗuwa ke ɗauka kafin ya kammala zagaye. Sauran awa 23 babu abin da madubin binciken ke nunawa, shi ya sa aka shafe shekara 70 ana zaton hutawa yake yi.

Alma Howard, haifaffiyar Kanada, da abokin aikinta Stephen Pelc, a asibitin Hammersmith na Landan, su suka tona abin da ke ɓoye. Sun shayar da saiwar wani irin wake sinadarin fosfaras mai fitar da tururin nukiliya. Duk sel ɗin da ke ƙera sabon DNA, wato sinadarin gado, dole ya haɗiye shi, kuma idan aka shimfiɗa fim ɗin hoto a kai sai tabo ya fito daidai wurin. Suka ga ba dukan sel ne suka ɗauki tabo ba, kuma waɗanda suka ɗauka ba su fara rabuwa ba sai bayan awoyi. Ashe kwafin DNA yana da lokacinsa, akwai tazara kafinsa, akwai tazara bayansa. Daga nan aka samu zangon G1 na girma, zangon S na kwafi, zangon G2 na shiri, sannan M na rabuwa. Sun wallafa wannan a 1953, shekarar da Watson da Crick suka bayyana siffar DNA, sai hasken aikin Watson da Crick ya rufe nasu. Abin takaici ne ƙwarai, domin kafin su babu wanda zai iya tambayar abin da ke tura sel daga wannan zango zuwa wancan, tun da ba a san akwai zangunan ba.

Wannan tambaya ce masu Nobel suka amsa. Leland Hartwell a Seattle ta Amurka, a farkon shekarun 1970, ya tara yis irin na burodi masu tawaya waɗanda ke cijewa a wuri ɗaya na zagayen, ya gano ƙwayoyin gadon da ke ba da izinin wucewa. Paul Nurse a Birtaniya ya bi ta wani yis daban ya gano ƙwayar gado mai suna cdc2. A 1987 shi da Melanie Lee suka sa takwarar wannan ƙwayar gado ta ɗan Adam cikin yis mai tawaya, ya ci gaba da rabuwa lafiya lau. Tim Hunt kuma, a Woods Hole a 1982, ya lura da wani furotin a ƙwan bushiyar teku da ke taruwa sannan ya ɓace duk lokacin rabuwa, ya kira shi saikilin. Hartwell, Nurse da Hunt suka karɓi Nobel a 2001. Yoshio Masui, wanda tun 1971 ya nuna a ƙwan kwaɗo cewa akwai sinadarin da ke tilasta rabuwa, ya rasa, don ƙa'idar ba ta wuce mutum uku. Howard da Pelc sun riga sun rasu, kuma ba a bai wa mamaci.

Amfanin duk wannan ya fi bayyana a ɗakin masu ciwon daji, domin sankara sel ne da ya daina tsayawa a shingen binciken da ke tsakanin zango da zango. Maganin palbociclib, wanda Amurka ta amince da shi a 2015 don wani nau'in sankarar mama, aikinsa shi ne tsayar da sel a zangon G1 ya hana shi shiga kwafin DNA. Tsadarsa ta sa ya fi ƙarfin yawancin matan da ke fama da cutar a ƙasashenmu, waɗanda da yawansu ba sa isa asibiti sai ciwon ya yi nisa.