Narambaɗa da Siffar da Ya Ƙera wa Kansa cikin Bakandamiya

Bayan faɗuwar Alkalawa a 1808, laƙabin Sarkin Gobir ya rabu. Gobirawa sun riƙe shi a Tibiri, kusa da Maraɗi, tun wajen 1836. A Isa kuwa zuriyar Muhammadu Bello ce ta ɗauke shi. A fadar Isa ɗin ne Ibrahim Narambaɗa Tubali, makaɗin kotso, ya yi wa Sarkin Gobir Amadu waƙa har rasuwarsa a farkon shekarun 1960.

Bakandamiya, wadda ita ce fitacciyar waƙarsa, da sunan sarki aka yi ta, amma wani babban kaso nata yabon mawaƙin ne. Abin lura shi ne irin mutumin da ya zaɓa ya zama a cikinta. Masu ba da tarihinsa sun ce mahaifinsa ɗan dambe ne daga Filinge, shi ma ya taɓa dambe, kotso kuma ta wajen uwa ya gaje shi. Duk da haka, da ya tashi neman wanda zai gwada kansa da shi, sai ya tsallake makaɗa ya kama Alfazazi, malamin Andalus mai Ishiriniya, wanda ya rasu a 1230. Wato maroƙi, wanda al'ada ta ajiye ƙasa da malami, ya nemi wurin zama a sahun malamai, kuma a gaban fada ya neme shi.

Wannan dabara tsohuwa ce. Horas, mawaƙin Rum da aka haifa shekara 65 kafin haihuwar Annabi Isa, ɗan ƴantaccen bawa ne, amma ya ce tun yana yaro kurciyoyi suka lulluɓe shi da ganye a kan dutse, alamar an zaɓe shi. Ya kuma ce ya yar da garkuwarsa a yaƙin Filifi. To, mawaƙan Girka irin su Arkilokus sun riga shi faɗin haka game da kansu, har manazarta na shakkar ko garkuwar ta taɓa faɗuwa.

Saboda haka bai kamata mai nazari ya ɗauki "ni" ɗin Bakandamiya a matsayin shaidar tarihi ba. Danginsa shi ne kirarin da ɗan kokowa ke yi wa kansa a filin Maraɗi: ba a tambayarsa hujja, ana dai duba ko zai iya cika shi. Narambaɗa ya cika nasa, shi ya sa siffar da ya ƙera ta rufe ta ɗan damben Tubali.