Yadda Koyon Tuƙin Jirgin Sama Ya Zama Hawa-Hawa a Najeriya

Mazauna Agege sun saba da rugugin manyan jiragen da ke tashi daga filin Murtala Muhammed na Ikeja, maƙwabcinsu, amma da yawa daga cikin matuƙan da ke riƙe da su a Zariya suka fara, cikin ɗan ƙaramin jirgi mai inji ɗaya. A 1964 aka kafa kwalejin koyon tuƙin jiragen sama ta Zariya da taimakon Majalisar Ɗinkin Duniya, kuma horonta hawa-hawa ne.

Shekaru da dama ɗalibi yana farawa ne da Tampico, ƙirar Faransa, mai ƙarfin doki 160, wanda tayoyinsa a kafe suke, farfelarsa kuma ba a taɓa saitinta. In hannu ya faɗa sai a ba shi Trinidad mai ƙarfin doki 250. Nan aiki ke ƙaruwa: a naɗe tayoyi bayan tashi, a sake su kafin sauka, a daidaita farfela. Baron mai inji biyu yana can gaba. Daga baya kwalejin ta shigo da jiragen Diamond na ƙasar Ostiriya, amma matakan suna nan.

Dabara da lissafi ne suka jera su haka. A Amurka, inda ake ɗaukar jirgin da injinsa ya haura doki 200 a matsayin mai ƙarfi, doka ba ta hana sabon ɗalibi farawa da shi ba. Abin da take nema shi ne malami ya horar da shi a kai, ya sa masa hannu kafin ya tashi shi kaɗai. Sojoji ma sun gwada tsallake matakin farko. A 1955 sojojin saman Birtaniya suka soma ɗora sababbin ɗalibai kai tsaye a kan jet mai suna Jet Provost, daga baya Amurka ta yi irin haka da T-37. Ɗalibai sun koya, sai dai tsada ta yi yawa, musamman kan waɗanda ake sallama a tsakiyar hanya, har Amurka ta dawo da ƙaramin T-41 a tsakiyar shekarun 1960 don tankaɗe da rairaya. Sojojin saman Najeriya sun bi wannan layi: matakin farko a Kaduna, inda aka daɗe ana amfani da Air Beetle da aka harhaɗa a garin, sannan jet L-39 a Kano.

Bayan kuɗin mai da gyara, akwai nauyin da ke kan mai koyo. Jirgi mai sauri yana rage masa lokacin tunani, alhali yana fama da rediyo da iska da duba tsayi. Ɗaya daga cikin kurakuran da malamai suke tsoro a Trinidad da ire-irensa shi ne mantawa da sakin tayoyi, jirgi ya sauka da ciki. A Tampico wannan ba ya yiwuwa, don tayoyin kullum a waje suke.