Tarihin Birkin ABS a Manyan Motoci da Sana'ar Gyaransa

ABS na'ura ce da ke hana taya cijewa idan direba ya taka birki da ƙarfi. Tayar da ta cije tana jan kwalta ba ta jin sitiyari, duk inda nauyin mota ya nufa can za ta bi. Abin da na'urar ke yi shi ne ta lura da gudun kowace taya, da zarar ta ga wata na shirin tsayawa cak sai ta sassauta mata birki ta sake kamawa, sau da yawa cikin daƙiƙa guda.

Dabarar ta samo asali ne daga jiragen sama, inda cijewar taya wajen sauka kan fasa ta. A shekarun 1950 kamfanin Dunlop na Ingila ya fito da Maxaret, wadda ba ta da lantarki ko kaɗan, kuma ita aka ɗora wa motar Jensen FF a 1966. Chrysler da Bendix sun sa mai aiki da lantarki a motar Imperial ta 1971, amma wadda ta kafu ta yaɗu ita ce ta Bosch da ta fito a Marsandi S-Class a 1978.

A manyan motoci kuwa da ƙafar hagu aka shigo. A 1975 wata doka mai lamba 121 ta fara aiki a Amurka, ta gindaya wa motoci masu birkin iska tazarar tsayawa wadda ba za a iya cimma ba sai da na'urar hana cijewa. Kamfanoni suka yi gaggawar sakawa alhali fasahar ba ta nuna ba. Girgiza da ruwa da gishirin hanya suka riƙa cin wayoyi, direbobi suka yi ta kukan cewa birki na sakin su a inda suke bukatarsa, kanikawan da suka saba da sifana da bututun iska kuma ba su san ta inda za su kama ba. Kamfanin PACCAR da wasu suka kai ƙara, a 1978 kotun ɗaukaka ƙara ta soke wannan ɓangare na dokar. An daɗe bayan nan masu manyan motoci a Amurka ba sa son ko jin sunan na'urar. A Turai aka ci gaba da aikin: WABCO da Marsandi sun fito da ABS na manyan motoci a 1981. Amurka ba ta sake wajabta shi ba sai Maris 1997 ga kan tirela, 1998 ga jikin tirela da sauran motoci masu birkin iska, sannan 1999 ga manya masu birkin mai.

Akori-kura da jif sun bi wata hanya dabam. Matsalarsu ita ce baya ba ta da nauyi idan babu kaya, sai tayoyin baya su riga na gaba cijewa, mota ta juya. Shi ya sa Ford a 1987 da General Motors a 1988 suka fara da ABS na tayoyin baya kaɗai, wanda Kelsey-Hayes ke ƙerawa. Sansa, wato abin da ke auna gudu, ɗaya ce tak, a cikin aksil ko a bayan giya, da bawul ɗaya a kan bututun man birki. Na tayoyi huɗu ya maye gurbinsa a shekarun 1990, daga baya aka ɗora masa na'urar hana mota kifewa da zamewa, wadda ta zama tilas ga ƙananan motoci a Amurka daga samfurin 2012. Tun daga nan lalacewar sansa guda kan kunna fitilu biyu ko uku a gaban direba lokaci ɗaya.

Darasin 1975 ne ya tsara yadda ake gyaran yau. Na'urar kan binciki kanta duk lokacin da aka kunna mota, in ta ga matsala ta janye hannunta, ta bar birki na yau da kullum yana aiki, ta kunna fitila mai ruwan ɗorawa, ta kuma ajiye lambar laifin. Da farko da ido ake karanta lambar: bakanike ya haɗa wata waya da bodi ko ya danna maɓalli, fitila ta yi ta ƙiftawa yana ƙirgawa, sannan ya duba littafi. Har yanzu wasu manyan motoci na da wannan hanya. Da aka daidaita soket ɗin OBD-II a 1996 sai kwamfutar bincike ta shigo gareji, ko da yake ƙaramar da ke karanta laifin inji kaɗai ba ta ganin na birki.

Lambar laifi ba ta ce a sauya kaya ba, layin da ke da matsala kawai take nunawa, kuma a nan ake gane ƙwararre. Mafi yawan laifin yana can ƙasa wajen taya. Tsohuwar sansa maganaɗisu ce da waya a nannaɗe, tana fuskantar wani zobe mai haƙora da ke juyawa tare da taya, ita da kanta take haifar da 'yar wuta. Ana auna ta da mita, a ɗaga taya a juya da hannu a ga ko tana bayarwa. A babbar mota sansar tana zaune ne cikin wani maƙalli, idan boris ya yi wasa sai zoben ya tura ta baya, tazara ta yi yawa. Sau da yawa gyaran bai wuce a tura ta har ta taɓa zoben a daidaita boris ba. Tsatsa ma na yin haka: a 2005 General Motors ya janye dubban ɗaruruwan akori-kura da jif a jihohin Amurka da ake zuba wa hanya gishiri, saboda tsatsa ta ɗaga sansar gaba, ABS na shiga aiki a ƙaramin gudu ba dalili. Sababbin sansa kuwa daga kwamfuta suke karɓar wuta, awon da ake yi wa tsofaffi ba ya faɗin gaskiya a kansu, sai an bi gudun kowace taya a allon bincike mota na tafiya.

Da motocin kwatano da tireloli na hannu wannan sana'a ta iso garejojin Kano da Kaduna da Maraɗi, inda ta faɗa hannun masu gyaran wayarin fiye da masu gyaran birki. Ƙura da laka da ramuka na cin waya da soket kamar yadda gishiri ke yi a Amurka. Akwai kuma ɗabi'ar cire ƙwan fitilar don mota ta sayu, abin da ba ya gyara komai. Gane shi ba wuya: a lafiyayyar mota fitilar ABS kan kama idan an murɗa makulli, sannan ta mutu da kanta. Wadda ba ta kama ba sam, an taɓa ta ko ta ƙone.