Nijar 2005: hatsi na kasuwa, yara na tamowa

Jama'a, duk sanda na ji ana cewa "ai abinci na nan a kasuwa", sai in tuna Nijar a 2005.

Fari da fara sun taɓa amfanin gonar 2004, amma hatsi bai ƙare ba. Kasuwar Maraɗi cike take da buhuna, kuɗin saye ne babu. Da damina buhun gero ya kai wajen jika 30 na sefa, ga farashin dabbobi ya faɗi warwas. Manomin da ya sayar da geronsa da arha lokacin kaka don ya biya bashi, shi ya dawo yana awo da tsada.

A haka gwamnati ta ɗora harajin kashi 19 kan madara da fulawa, sai da aka yi ta zanga-zanga ta janye. Shugaba Tandja kuwa cewa ya yi babu yunwa. Likitocin MSF sun yi jinyar yara fiye da dubu 60 masu tamowa mai tsanani, akasari a jihar Maraɗi, inda noma ya fi albarka.

Wannan fa maganar gero ce kawai. Wake, ƙwai da nono tuni suka bar kwanon talaka.